Maman Kyauta

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin ƙasa a Kafanchan da safe yunwa na cinsa, ya san A'i mai koko ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan mai wushirya da ke zama a gindin mangwaro kusa da tasha, da tukunyarta da ludayinta, tana yi wa fasinja faɗa in sun zubar mata da sukari. Ni Rabi'a maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata shekara da shekaru, ina ɗinkina tana kokonta. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

A'i 'yar gari ce gaba da baya, a unguwar kasuwa aka binne cibiyarta. Ba ta da saurin fushi, amma taurin kai kam Allah ya ba ta, ya ƙara mata. In ta ce za ta yi abu, kai dai nemi wuri ka zauna ka sha kallo. Mijinta Abdu da jaki yake sana'a, yana ɗauko buhunan citta daga ƙauyuka zuwa tasha. Sun zauna lafiya, sai dai Allah bai ba su haihuwa ba. Sa'o'inta duk sun zama Maman wane da Maman wance, ita kuwa tana nan A'i mai koko har furfura ta fara leƙo mata. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma na san abin yana cin ta, don ni nake ganin fuskarta in mun dawo daga suna.

Kuma suna ba ya wuce ta. Ko a unguwarmu ne, ko a tsallaken layin dogo wajen 'yan coci, da ta ji an sauka za ta dama kunun kanwa mai zafi ta ɗora a ka ta kai wa mai jego, ranar suna ta koma da sabulu. Rabin 'ya'yan garin nan da kunun A'i uwayensu suka yi jego.

Da Abdu ya rasu, abin da ya bar mata shi ne ɗakin nan ɗaya da jakanya mai hasken gashi da yake kira Aura, mai tsagaggen kunne. A'i ba ta iya aiki da ita ba, ba ta kuma yarda ta sayar ba. A bayan gida take ɗaure ta, tana ba ta dusar koko, tana yi mata hira. Ta katanga nake jiyo su, wani lokaci har in tsoma baki in ce, "Ke A'i, ta amsa miki kuwa?" Ta ce, "Ta fi ki jin magana."

Sai rikicin shekarar 1987 ya faɗo wa garin. Ba zan tsaya a kansa ba, waɗanda suka gani ba sa son tunawa. Kowa ya gudu da abin da hannunsa ya iya ɗauka, kuma da ƙura ta lafa muka dawo, babu Aura, sai guntun igiya a jikin turke. A'i ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun rasuwar Abdu.

Bayan 'yan makonni wani dattijo gajere mai tsohuwar hular reluwe ya tsaya a gaban tukunyarta. Shi ne Baba Kaleb, wanda ya yi aikin gyaran layi har ya yi ritaya, yana zaune can bayan layin dogo inda gari ya ƙare. Ya ce, "Mama, sannu da aiki. Akwai wani jaki a wurina, mace ne, kunne ɗaya ya tsage. An ce mini na maigidanki ne." A'i ta bar tukunya a buɗe ta bi shi, ni na ƙarasa mata cinikin ranar.

Ashe lokacin da mutane ke gudu, shi Baba Kaleb dabbobi ya dinga tarawa. Awaki, tumaki, jakuna, duk abin da ya gani yana gararamba sai ya kora shi bayan gidansa ya ba shi ruwa. Daga baya ya bi gari yana cigiyar masu su, bai tambayi kowa addininsa ba, bai karɓi ko sisi ba. Masu lafiya duk an kwashe. Waɗanda suka rage su ne guragu da masu gyambo, waɗanda masu su suka gani suka kau da kai. Aura tana cikinsu, ta faɗa rami ta gurɗe ƙafar baya, ya ɗaure mata da tsinken gora da tsumma. A'i ta duba filin, ta duba inuwar ɗorawa da rafin da ke kusa, ta tuna matsatsin bayan ɗakinta. Ta ce, "Baba Kaleb, na bar maka ita halak malak. Amma cinta yana wuyana."

Daga ranar dusar kokonta ta daina zuwa kasuwa. Da masu kiwon raguna ke layi suna saye, kuma kuɗin ba ƙaramin rage mata zafi yake yi ba. Yanzu da ta tace gasara sai ta shanya dusar, da yamma ta ɗauka a ka ta tsallaka layi. In ciniki ya yi kyau ta haɗa da kanwa da ɗan kuɗin magani. Na ce mata, "Ke da ba ki da mai ba ki, ke ce mai ciyar da jakuna?" Ta ce, "To ke ki ba ni mana." Na koma kan ɗinkina.

Garken kuwa sai ƙaruwa yake. Fatake masu saukowa daga arewa da rani, in jaki ya gaza musu a hanya, akumari ya cinye masa baya, sai su kwance kaya su bar shi a bakin titi. Kowa ya san inda za a kai shi. Baba Kaleb ya wanke gyambon da ruwan gishiri, ya shafa man kaɗe, ya kore ƙuda. Waɗansu su warke a ba manoma aro, waɗansu su mutu a inuwa da ruwa a gabansu. Matarsa Catherine tana mita, tana kuma ɗebo musu ruwan. Da kaka yakan bi gonaki ya roƙi harawar wake da ta gyaɗa, ya tara a kan rumfa, da ita ake cin rani.

A ranin 1991 masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, iska ta kwaso ta har bayan gidan Baba Kaleb. An samu an kwance dabbobin, amma rumfar harawa ta ƙone ƙurmus. Ga ciyawar daji ta tafi, ga damina da sauran nisa. Dusar A'i kuwa ko Aura kaɗai ba ta ƙosarwa sosai, balle garke. Kafin wani lokaci haƙarƙarin jakunan ya fito, suna gaigayar ɓawon itace.

Nan ne Gregory ya shigo. Shi ɗan kasuwa ne mai lori, yana sayen tsofaffin jakuna yana kaiwa kudu, kuma ba wanda bai san ba noma ake kai su yi ba. Ni ban ce mugu ba ne, sana'arsa ke nan. Ya yi tayi, Catherine ta ce wa mijinta gara haka da su zuba ido dabbobi su mutu ɗaya bayan ɗaya a gabansu, kuma gaskiyarta ne. Baba Kaleb ya zo da kansa ya sami A'i, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Mama, na kasa. Abinci babu. Na ce wa Gregory in ya dawo daga tafiya ranar Asabar na sama, in ban samu abinci ba ya kwashe su."

"Har Aura?"

"In kina da wuri ki ɗauke shi. Amma kin san yana da ciki, ya kusa."

A'i ba ta da wuri, don an riga an yi gini a bayan ɗakinta. Ta dawo gida ta zauna a ƙofa. Asabar ɗin da ta fara zuwa, da hantsi, Catherine ta aiko cewa Aura ta haihu. Ƙaramin jaki namiji, ƙafafu kamar sandunan rake, yana tsayawa yana faɗuwa. Ubansa wani gurgun jaki ne da fatake suka yar, wanda duk muka ɗauka ba abin da ya rage masa a duniya sai cin dusa.

Muka je muka gani. A hanyar dawowa, daidai kan layin dogo, A'i ta tsaya ta ce, "Rabi'a, suna zan yi."

"Sunan wa?"

"Jakata ta haihu. Asabar mai zuwa kwanan suna ke nan. Zan raba goro."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Da na ɗago na ga fuskarta, sai na daina dariyar. Ta ce, "Gidan wa ban shiga da kunu ba a garin nan? Ban taɓa kiran kowa ba, don ba ni da abin kira. Yanzu na samu. Zan ga wadda za ta ce ba ta zuwa."

Washegari ta fasa asusunta ta sayi goro da alawa, ta ƙulla su ƙulli-ƙulli kamar yadda ake yi, ta bi gida-gida da ƙafarta. Ba ta ɓoye komai ba. Takan miƙa goron ta ce, "Jakata ta sauka lafiya, wunin suna ranar Asabar a garken Baba Kaleb. Ba na son sabulu, ba na son atamfa, mai jegon ba ta ɗaura zane. Ki zo da dusa, ko harawa, ko ƙaiƙayi, ko kanwa. In babu, abin da ke ƙulle a bakin zanenki ya isa." Wasu suka yi ta dariya, wasu suka ce A'i ta fara taɓuwa. Amma goro dai an karɓa, kuma a wurinmu mace ba ta karɓar goron suna ta ci sannan ta noƙe.

Ƙaninta Umar Faruk, mai shagon yadi, ya zo yana huci. "Yaya, so kike ki mai da mu abin dariya a kasuwa? Suna ga jaki? Me malamai za su ce?"

Ta ce, "Na kira malami? Na ce a yanka rago? Ba raɗa suna za a yi ba, Umaru, wunin mata ne. In akwai inda aka hana ciyar da dabba mai jin yunwa, faɗa mini in fasa."

"Kuma a tsallaken layi! Kin san tun abin nan matanmu ba sa zuwa can."

"Ni kullum ina zuwa, ga ni da ƙafafuna biyu."

Ya fita yana cewa babu ruwansa. Maganarsa ta ƙarshe kuwa ita ce ta dame ni, don gaskiya ce. Tun rikicin ana haɗuwa a kasuwa, a gaisa, a yi ciniki, amma shiga gidan juna ya ja baya ƙwarai. Na ji tsoro kada A'i ta zauna ita kaɗai da tukunyar kunu, lori ya zo ya kwashe jakunan a kan idonta. Ita ko a jikinta. Ta sa ni na ɗinke mata sabon zanen da ta daɗe tana ajiya, ta ce uwar biki ba ta fita da tsumma.

Ranar Asabar muka yi sammako. Muka share gindin ɗorawa, muka shimfiɗa tabarmi, Catherine ta hura wuta, A'i ta dama kunun kanwa tukunya guda. Baba Kaleb yana ta kai da kawowa, kunya ta ishe shi. Baƙon farko da ya iso kuwa Gregory ne. Ya ajiye lorinsa a bakin hanya, ya sauke katakon da jakuna za su taka su hau, ya tsaya yana kallonmu. A'i ta zuba kunu ta miƙa masa ta ce, "Sannu da zuwa, kai ka fara. Zauna." Ya karɓa, don ba a mayar wa A'i da kunu.

Rana ta ɗaga, ba kowa. Ni har na fara haɗa maganar da zan rarrashe ta da ita. Sai muka ji kiɗan tulu daga wajen coci. Hephzibah ce, shugabar zumuntar mata, wadda A'i ta yi wa jegon 'ya'yanta duka, ta taho da matanta a jere cikin anko, kowace da dami a ka, suna waƙa suna rangaji. Harawar gyaɗa, karan dawa, buntun acca, har da wadda surukanta suka ɗoro mata a kan bas daga Manchok. Hephzibah ta sauke nata ta rungume A'i ta ce, "Mama, barka! Ubangiji ya raya. Ina jaririn, mu gan shi?"

Matan unguwarmu kuwa, ashe sun taru a bakin layi suna jiran wadda za ta fara tsallakawa. Da suka ji kiɗa ya tashi, Sa'adiya mai waina ta ce, "Au, za a ci bikin A'i ba mu? Wallahi ƙarya ne." Ta ɗaga buhun dusarta ta taka layin, sauran suka biyo ta kamar an buɗe famfo. Suka zo da dusar masara da ta gero, da kanwa, da gishiri, da ƙoren kiɗa. Waɗanda ba su da kaya suka kwance bakin zane suna jefawa a tasar da na ajiye gaban uwar biki. Da farko kowane ɓangare ya kama tabarmarsa. Amma mata da suna, ina za a iya? Wannan ta gane waccan, a tambayi yara, a yi jajen waɗanda aka rasa, kafin azahar kiɗan tulu da na ƙwarya sun haɗe, ba ka cewa ga na wane.

Can sai ga amalanke shaƙe da harawar wake, mai turawa ya ce daga shagon yadi aka aiko shi, an kuma ce kada ya faɗi wanda ya aiko. A'i ta ce, "To, ka ce wa wanda bai aiko ba na gode."

Tulin abinci ya kai tsayin da sai da tsani. Gregory ya tashi ya sami Baba Kaleb ya ce, "Baba, ni fa na ƙona mai na zo." Baba Kaleb ya mayar da hularsa ka, ya ce, "Na ce maka in abinci babu. Ga abinci." Gregory ya dubi tulin, ya dubi matan da suka daina kiɗa suka zuba masa ido, ya ga ba riba a musu. Ya mayar da katakonsa cikin lori yana ƙunƙuni, Sa'adiya ta bi shi da waina a ganye. Da lorin ya juya babu jaki ko ɗaya a ciki, guɗa ta tashi ta ko'ina, har jakunan suka tsorata suka kama kuka.

Sai wata ta ce ai ba a faɗi suna ba. Aka yi ta kawo na barkwanci. Catherine ce ta ɗaga murya ta ce, "Sunansa Kyauta." Mu da su duka mun san wa ake sa wa wannan suna, ɗan da ya zo bayan an daɗe ana jira har an fid da rai. Hephzibah ta juya ta ce, "To, Maman Kyauta, a tashi a taka mana." A'i ta tashi ta yi rawa da sabon zanenta, tana dariya wushirya a waje, hawaye na zuba. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Abincin ranar ya kai garken har ciyawa ta fito. Kuɗin tasa aka sayi magani da kwanon rufi, aka yi rumfar da wuta ba za ta ci ba. Amma abin da ya fi wannan shi ne tsohuwar gangar da A'i ta ajiye kusa da tukunyarta a tasha. Ba ta roƙi kowa ba, gangar dai tana nan. Mace in ta surfa hatsi ta zo ta juye dusa, mai shago ya jefa kanwa, direba ya ba da canjin kokonsa ya ce a kai wa yaran. Da Kyauta ya girma ya yi ƙarfi, shi Baba Kaleb ke korowa da mangala ya kwashe. Aura ta tsufa ta mutu a inuwar ɗorawa, cikinta a cike.

Sunan kuwa ya bi ta. Da tsokana aka fara, 'yan tasha su ce, "Maman Kyauta, a zuba mana na zafi." Ita kuma ta amsa da ƙarfi, ba ta taɓa nuna wasa ba ne. Har Umar Faruk na ji ya kira ta da shi, ya yi kamar tuntuɓen baki ne.

A daminar 1998 ta kwanta ciwo, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ina zaune a ƙofar gida ranar sadakar uku sai ga Baba Kaleb, ya ƙara tsufa, yana dogara sanda, Kyauta na biye da shi da lodin itacen girki. Ya sauke, ya ɗaure shi a tsohon turken Abdu da muka mayar ƙofar gida, ya ce, "Na kawo shi ya yi gaisuwa." Jakin ya wuni a nan, masu shiga suna shafa kansa.

Da la'asar waɗansu mata suka sauko daga motar Gwantu, ban san su ba, kowace da ɗan ƙullin dusa a hannu. Suka tsaya suna waige-waige, babbarsu ta matso ta ce, "Baiwar Allah, nan ne gidan Maman Kyauta?"

Na ce, "Nan ne. Ga ɗan nata nan a ƙofa, ku shiga."